Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Gwamnati da Kasuwa, Wa Ke Mayar da Shara Dukiya?

Mafi yawan wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita suka fito, kuma kusan dukkansu sun taɓo batun shara da abin da ake iya samu daga cikinta. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su domin wuri ya ishe mu.

Tambaya daga wata malamar firamare a Kubwa: Assalamu alaikum. Ina yawan jin jami'an gwamnati a rediyo suna maganar tattalin arziki mai kewayawa, wai za a mayar da shara dukiya. Abin da nake gani a unguwarmu shi ne gwangwanin lemo ko guntun ƙarfe ba ya kwana a ƙasa, amma ledar ruwa ta cika magudanai, da an yi ruwan sama sai titi ya cika ya batse. Me ya kawo wannan bambanci, kuma wa ya kamata ya gyara, gwamnati ko 'yan kasuwa?

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da jami'an ke nufi shi ne tsarin da ake so kaya su daɗe ana moriyarsu, idan sun lalace a gyara su, idan sun ƙi gyaruwa a narka su ko a niƙa a sake ƙera wani abu, maimakon a haƙo ma'adini a ƙera kaya a yi amfani da su sau ɗaya a kai juji. Nijeriya tana cikin ƙasashe uku, tare da Ruwanda da Afirka ta Kudu, da suka kafa ƙawancen Afirka kan wannan tsari a 2017. Sai dai tun kafin a kafa kowane ƙawance mutanenmu suna yin aikin, domin tukunyar alminiyon da ake zubawa daga tsofaffin gwangwanaye, da gugan da ake ɗinkawa daga tsohuwar taya, da injin motar da makanikan Apo ke tayarwa bayan an fitar da rai da shi, duk wannan tsari ne ake bi ko da ba a sa masa suna ba.

Amsar tambayarki tana bakin sikelin dila a pantekar Dei-Dei. Yaro ya turo kurarsa a zazzage, dila ya ɗauki mayen ƙarfe ya bi ta kan kayan, abin da ya manne a jefa shi wajen baƙin ƙarfe, abin da bai manne ba a kankare shi da wuƙa a duba launinsa, idan ja ne tagulla ce mai tsada, idan fari ne marar nauyi alminiyon ne. Kowane kashi da farashinsa a kilo, kuma nan take ake ƙirga wa yaro kuɗinsa. Abin da ya ba waɗannan kaya daraja yana can nesa da Dei-Dei. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka fara ginawa tun ƙarshen shekarun 1970, har yau bai fara narka tama yadda aka tsara ba, saboda haka masana'antun da ke yin rodin gini a ƙasar nan da tsohon ƙarfe suka dogara, kuma duk sabon benen da ya tashi a Abuja yana ƙara musu buƙata. Gwamnati ma ta sa hannu, domin tsofaffin ƙarafa suna cikin jerin kayan da aka haramta fitarwa waje, don kada masana'antun gida su rasa abin narkawa. Shi kuwa alminiyon, narka tsoho yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake kashewa wajen samar da sabo daga ma'adini, shi ya sa ko'ina a duniya ake rububinsa.

Leda ba ta yi wannan sa'a ba. Ana iya sake sarrafa ledar ruwa, kuma akwai masu niƙa ta su narka su yi baƙar leda ko bokiti, amma ba ta da nauyi, sai an tara ɗaruruwa kafin a haɗa kilo ɗaya, ga ta da laka da jiƙa idan daga magudana aka tsamo ta. Yaron da zai yini yana sunkuyo a kanta bai samu rabin abin da guntun ƙarfe biyu za su ba shi ba, dole ya bar ta inda ya gan ta. Ga kuma kuɗin mota, domin mafi yawan masana'antun da ke sayen roba a Legas da Ogun da Kano suke, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ɗaukar kaya masu cika mota ba nauyi ya zama asara. A gefe guda kuma, faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 ta sa sabuwar roba da ake shigowa da ita ta yi tsada, sai masana'antu suka ƙara waiwayar tsohuwa, abin da ya sa robobin ruwa da na lemo suka fara ƙaranci a kan titi fiye da da. Da yake daga man fetur da iskar gas ake yin sabuwar roba, duk lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya sai ta yi araha, tsohuwa ta rasa mai saye. Haka masu wannan sana'a a ƙasashe da yawa suka ji a jikinsu a farkon 2018, lokacin da Sin ta daina karɓar tarkacen roba daga waje.

A ganina, Malama, kasuwa ta riga ta kwashe duk abin da ke da farashi ba tare da kowa ya roƙe ta ba, kuma abin da kike gani a magudanar Kubwa shi ne ragowar da ba ta ga riba a ciki ba. Wa'azi da allunan gargaɗi ba za su ɗaga wannan leda ba matuƙar tattara ta asara ce. Aikin gwamnati shi ne ta sa wa ledar farashi, ta hanyar tilasta wa wanda ya ƙera ta ya biya kuɗin dawo da ita, kuma zan yi bayanin hanyoyin a amsar da zan ba mai masana'antar ruwan leda a ƙasa.

Tambaya daga wani dilan kayan gwangwan a Dei-Dei: Salamu alaikum, Malam. Na fi shekara ashirin a wannan sana'a, kuma yara da dama suna cin abinci a ƙarƙashina. Idan har gwamnati da gaske take tana son a riƙa sake sarrafa shara, me ya sa aka hana yaranmu shiga unguwanni, alhali mu ne muke yin aikin tun ba a fara maganarsa ba?

Wa alaikas salam, Alhaji. Bari in fara da abin da ya faru domin masu karatu da ba su sani ba. A watan Janairun 2025, bayan an yi ta sace murafun ƙarfe na ramukan da ke kan manyan titunan Abuja, hukumar babban birnin tarayya ta haramta yawon jari-bola a cikin gari, ta ce masu yi su tsaya a jujin da ke bayan gari, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu domin a tantance dilolin. Ba zan ɓoye maka ba, dalilin da aka bayar mai ƙarfi ne. Ramin da aka cire wa murfi a tsakiyar titi yana iya kifar da mota cikin dare, wayar fitilar titi da aka tone kuma dukiyar jama'a ce, kuma wanda ya sace su ba zai sace ba da bai san akwai sikelin da zai karɓa ba tare da tambaya ba. Farashin da ke sa a tsince gwangwani daga ƙasa shi ne dai yake sa ɓata-gari ya cire murfin rami, domin tukunyar narka ƙarfe ba ta bambance na halal da na sata. Wannan nauyi yana wuyan dilolin da ke saye, kuma na san akwai na kirki a cikinku da suke mayar da irin waɗannan kaya, sai dai bara-gurbi kaɗan sun shafa wa kowa.

Duk da haka ina ganin haramci kawai ba zai kai mu inda ake so ba, kuma ina tare da kai a nan. Kayan da aka ware tun daga ƙofar gida sun fi tsabta da daraja nesa ba kusa ba a kan waɗanda motar shara ta matse tare da ragowar miya da ƙunzugun yara ta kai jujin Gosa. Idan aka ce mai tsinta ya jira a juji, an rage darajar kayan, an ƙara wa motocin hukumar kare muhalli ta Abuja lodi, an kuma tura yaro cikin hayaƙi da allurai da fasassun kwalabe. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. Birazil ta shigar da masu tsintar kaya cikin jerin sana'o'in da hukuma ta amince da su a 2002, sannan dokar shara ta ƙasar ta 2010 ta ƙarfafa wa hukumomin birane gwiwa su yi aiki da ƙungiyoyinsu. A birnin Pune na Indiya, tun 2008 ƙungiyar masu tsinta ce ke bi gida-gida bisa yarjejeniya da hukumar birni, kowa da katin shaida da layin da aka ba shi, masu gidaje suna biyan ɗan kuɗi duk wata, kayan da aka ware kuma na mai tsinta ne ya sayar. Babu abin da ya hana a gwada haka a Gwarimpa ko Lugbe. Mutumin da aka san sunansa da ubangidansa da layin da yake bi ya fi wuyar yin sata a kan baƙon da ba wanda ya san inda ya kwana.

Shawarata gare ka ita ce kada ku jira a kira ku. Ku yi wa yaranku rajista ta hannun ƙungiyarku, ku buɗe littafi a bakin kowane sikeli ana rubuta wanda ya kawo kaya da abin da ya kawo, ku kuma yi wa kanku doka cewa duk wanda ya sayi kayan gwamnati ku da kanku za ku miƙa shi. Da irin wannan littafi a hannu ake zuwa gaban hukuma a nemi a sassauta.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma ba zan iya tsallake shi ba, wato tsofaffin batura na mota da na sola, waɗanda suka yawaita tun da mutane suka koma wutar rana. Dalmar da ke cikinsu tana da tsada, shi ya sa ake fasa su da gatari a zubar da ruwan batir a ƙasa, wani lokaci ma a narka dalmar a fili. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ba ta warkewa, kuma ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. A 2024 an fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura a ƙarƙashin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli. Ina roƙonka, Alhaji, ka sayar da batir a rufe yadda ya zo maka ga masu lasisi, kada ka bari a fasa shi a filinka ko da ribar ta ragu.

Tambaya daga mai ƙaramar masana'antar ruwan leda a Gwagwalada: Malam, barka da aiki. Muna ta jin raɗe-raɗin za a hana leda gaba ɗaya. Na sa duk abin da na mallaka a wannan masana'anta. Ina gaskiyar maganar take, kuma me zan yi?

Alhaji, barka kadai, Allah ya sa albarka a nema. Ga yadda al'amarin ya gudana. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. A farkon 2023 aka sanya harajin kashi 10 cikin 100 a kan robobin da ake amfani da su sau ɗaya, amma a watan Yulin 2023 Shugaba Tinubu ya dakatar da shi bayan koken masu masana'antu. A watan Yunin 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta hana amfani da irin waɗannan robobi a ma'aikatu da hukumomin gwamnati. Jihar Legas ce ta fi yin nisa, domin ta hana farin mazubin abincin nan da ake kira tekawe a watan Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da haramci kan tsinken shan lemo da kofuna da cokulan roba da siririyar leda, amma ta ware ledar ruwa da robobin ruwa da na lemo daga haramcin.

Wannan warewa tana da dalili. Ruwanda ta hana ledar sayayya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma sun samu nasara gwargwado saboda akwai madadi, wato jakar takarda da kwando da jakar yadi. Ledar ruwa kuwa ba ta da madadi mai araha a wurin talaka. Ruwan famfo na madatsar Usuma bai isa unguwanni da yawa da ke kewayen Abuja ba, mutane da rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa suka dogara, kuma gwamnatin da ta hana ledar ruwa kafin ta kai famfo ta jefa jama'a cikin cutar amai da gudawa. Saboda haka ba na jin haramci na gaba ɗaya yana kusa. Abin da nake ganin yana tafe, kuma nake goyon bayansa, shi ne a ɗora muku kuɗin tattara ledar da kuka fitar.

Wannan tsari ya daɗe a rubuce. Tun 2014 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin da suka ce alhakin kaya yana kan mai ƙera su har bayan an gama amfani da su, kuma a 2018 manyan kamfanonin lemo da abinci suka ƙaddamar da haɗakarsu ta tattara robobi. Matsalar ita ce ƙananan masana'antu masu yawa ba su shiga ba, wanda ya shiga kuma yana ganin an bar abokin gasarsa yana cin riba ba ya biyan komai. Inda aka yi abin da gaske, doka ce ta ƙirƙiro farashi, kasuwa ta ƙarasa sauran aikin. A Jamus tun 2003 ana ɗora senti 25 na kuɗin Yuro a kan mafi yawan robobin abin sha da gwangwanaye da ake amfani da su sau ɗaya, a mayar wa mutum kuɗinsa idan ya dawo da su, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna dawowa. Dattawa za su tuna mu ma haka muke yi da kwalabar lemo, mai kanti ba ya barin ka tafi da ita sai ka ajiye kuɗin jingina. Birtaniya ta bi ta wata ƙofar, inda a watan Afrilun 2022 ta fara da harajin fam 200 a kan kowane tan na robar ƙunshe kaya da ba ta ƙunshi aƙalla kashi 30 cikin 100 na tsohuwar roba ba, Tarayyar Turai kuma ta wajabta kashi 25 cikin 100 a robobin ruwa da na lemo daga 2025. Irin wannan doka tana tabbatar wa mai niƙa roba cewa yana da mai saye ko man fetur ya yi araha, kuma wannan tabbaci ne ke sa banki ya yarda ya ba shi bashin inji.

Abin da ya fi damuna a namu tsarin shi ne rashin tsayawa kan magana ɗaya. Harajin da aka sa aka janye cikin 'yan watanni ya koya wa mai jari cewa gara ya jira, domin ba wanda zai kafa masana'antar da sai bayan shekaru za ta mayar da kuɗinta a kan dokar da ba a san ko za ta kai baɗi ba. Ƙaramin haraji da aka sanar da wuri, aka ce ga ranar da zai fara da yadda zai ƙaru, aka kuma nuna wa jama'a cewa kuɗin wajen masu tattara leda yake tafiya, ya fi babban haraji da za a wayi gari da shi a soke shi jibi.

Kai kuma kana da abin da mai tsinta ba shi da shi, wato motar da ke zagaya kantuna kullum ta dawo wayam. Ka ajiye buhu a wurin kowane mai sari, ka riƙa rage masa wani abu a kuɗin ruwa idan ya cika shi da busasshiyar leda, motarka ta dawo da shi ba tare da ƙarin kuɗin mai ba. Idan ku goma a Gwagwalada kuka haɗa hannu kuka sayi injin matse leda guda, za ku riƙa cika babbar mota da kaya masu nauyi da tsabta, waɗanda masana'anta ke biya da daraja. Ranar da dokar ta zo da ƙarfinta, za ta tarar kuna da shaidar yawan abin da kuke dawowa da shi.

Tambaya daga wani matashi a Kuje: Malam, na gama hidimar ƙasa, jarina kaɗan ne, kuma ina son shiga wannan harka. Ta ina zan fara?

Samari, Allah ya yi jagora. Kowa roba da ƙarfe yake hange, kuma waɗannan suna da manyan diloli da ba za ka iya gogayya da su ba da ƙaramin jari. Amma kusan rabin sharar gidajenmu, ko ma fiye, ragowar abinci ce da ɓawo da ganye, kuma ba mai rububinta, alhali takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi ke kuka da ita. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni zuwa gonakinsu, masu lambu a bakin kogin Dilimi a Jos kuma suna amfani da tokar shara, ga kashin kaji da ake lodinsa a manyan motoci ana kai wa masu noman kayan lambu. Kasuwar tana nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne taki mai tsabta wanda babu leda da fasasshiyar kwalba da ƙananan batura a ciki.

Ka fara da neman mai saye, wato ka zauna da masu lambu da masu renon furanni na gefen titunan Abuja ka ji nawa za su biya buhu. Daga nan ka nemi kayan daga inda suke fitowa a ware, irin su kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba da mayanka da gidajen kaji, maimakon juji inda komai ya gauraya. Ka samu fili nesa da gidaje saboda wari, ka sanar da hukumar ƙaramar hukumarku, ka riƙa jera ɗanyen kaya da busasshe hawa-hawa kana yayyafa ruwa kana juyawa duk mako ɗaya ko biyu. Tarin yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya nuna, saboda haka idan ka tara a watan Agusta, za ka samu na sayarwa daidai lokacin da masu noman rani ke gyaran fadama a Nuwamba.